Shafi na shida na wasiƙar Malam Isiyaku

Ranar Laraba ce, rana ta take tsaka, ina kan keken ɗinki a rumfata ta kasuwar Dutsin-Ma ina haɗa wuyan wata taguwa, sai direban babbar motar da ke jigilar Kurfi ya tsaya a kaina bai yi sallama ba. Na ɗago zan gaya masa magana, don ni ba a tsaya mani a kai. Ya ce, "Sule, rufe rumfa. Malam Isiyaku ya cika da hantsin nan." Bakina ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ƙafata kuwa ba ta daina taka keke ba sai da allura ta karye. Kwana tara ya yi yana fama da shawara. Na san yana kwance. Sau biyu aka aiko mani, sau biyu na ce sai na gama ɗinkin da na karɓa. Ko da muka isa Kurfi an riga an kai shi makwancinsa.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Isiyaku mijin yayata Hajara ne, malamin asibitin sha-ka-tafi, kuma mutumin da hukuma ta tura Ingila ya yi shekara biyu yana karatun abinci da lafiyar jiki. Na zauna zaman makokinsa kwana bakwai ina jin yabo. Wannan ya ce mutumin kirki ne, wancan ya ce ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Duk gaskiya ne. Amma rabin masu faɗar haka, har makon da ya kwanta, in ya gifta a kan kekensa da tukunya ɗaure a baya, Sarkin Ɓera suke ce masa, su kuma yi dariya. Ba zan zage su ba, ko da yake bakina na ƙaiƙayi, domin ni na raɗa masa sunan.

Ni ban shiga aji ko na yini ɗaya ba. Da tsofaffin jaridun da nake yanka samfurin wuya da su na koyi boko, ina tare duk wanda ya iya in tambaye shi harafi. Lokacin da Malam yake zuwa garinmu Birchi neman auren Yaya, ya same ni gindin bango ina kokawa da guntun jarida wanda rabin labarinsa ya tafi da almakashi. Bai yi dariya ba. Zuwansa na gaba ya kawo mani littafi sukutum, da bango da komai, ya ce, "Ga wanda yake da ƙarshe." Kowa ya san ƙanin mata abokin wasan miji ne, yana da izinin tsokana da ba'a, mijin kuwa sai haƙuri. Na riƙi wannan izini na yi abin da na ga dama da shi. Shi kuma murmushi kawai yake yi ya ce, "Tela, bakin nan naka ya fi allurarka kaifi."

Shekara biyu kafin Turawa su sauke tutarsu aka ce za a tura shi Ingila. Kurfi ta ɗauka, Birchi ta ɗauka, muka ce likita za mu samu. Da aka ce abinci zai karanta, sai na ji wani abu ya tokare mani ƙirji. Yau zan kira abin da sunansa, hassada ce. Ga ni ina tsintar haruffa a shara, ga wanda aka buɗe wa ƙofar duniya duka, ya tafi koyon abin da Innata take yi a madafa ba tare da an ba ta takardar shaida ba. Ya bar Yaya a gidan mahaifinsa, Baba Malam, tana goyon ɗansu na fari, Kabiru, wata takwas da haihuwa.

Kurfi babu gidan waya a lokacin, saboda haka wasiƙunsa a Dutsin-Ma suke sauka, da sunana a bayan ambulan. Ni nake karɓa, in hau keke ran Juma'a in kai, in karanta wa Baba Malam da abokansa a zaure bayan an sauko masallaci, sannan in shiga cikin gida in maimaita wa mata. Ni kuma nake rubuta amsa. Duk gidan nan babu mai karanta boko sai ni. Ya amince da ni a kan bakinsa da kunnen iyalinsa, ni kuwa a lokacin abin da na gani shi ne na sami dandalin wasa.

Wasiƙun suna da daɗi, ba sa buƙatar gishirina. Ya rubuta cewa ɗakinsa yana hawa na uku a gidan wata tsohuwa, rana ba ta fitowa sai ta ga dama, mutane suna zama kusa da juna a mota ba mai gaida wani. Ya ce bai san wanda ya yanka naman garin ba, don haka ƙwai da kifi da waken gwangwani yake ci, "har na fara jin kunyar kaji." Ya yi azumi shi kaɗai, yana buɗa baki da shayi da burodi a gaban taga. Ya ce malamansa sun san abin da ke cikin kowace irin cimarsu, an auna an rubuta, amma da ya tambayi gero da daddawa sai aka buɗe littafi aka ga babu. Ya roƙa a aika masa. Ni na ɗinke jakar, gero da dawa da kuka da wake da ƙuli-ƙuli da daddawa, ta yi wata biyu a hanya. Da ta isa, tsohuwar gidan ta kira mai gyara ya ɗaga katakon daɓen ɗakinsa, wai wani abu ya mutu a ƙasa. Ranar da na karanta wannan, Baba Malam ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Sai wasiƙar ɓeraye. Ya ce an ba kowane ɗalibi fararen ɓeraye shida. Uku ana ba su garin masara zalla, su ci iya cinsu, uku kuma ana ƙara masu 'yar madara. Kullum ya ɗora su a sikeli ya rubuta. Na tsaya a nan na dubi zaure na ce, "To jama'a, kun ji. Fulaninmu na kiwon shanu ba su je ko Zariya ba, namu ya ƙetare teku kiwon ɓera. Allah ya ja zamanin Sarkin Ɓera." Zaure ya kece. Cikin dariyar na karanta sauran da sauri, ba wanda ya ji. Ga abin da ya ce a sauran: "Ukun farko, cikinsu cike yake, amma gashinsu na zuba, ba sa girma. Sule, da na dube su sai na ga yaran da ake kawo mani sha-ka-tafi bayan yaye, ina ba su maganin tsutsa ina sallamarsu. Na fita waje na daɗe a tsaye cikin sanyi."

A shekararsa ta biyu, gab da faɗuwar damina, wata wasiƙa ta zo mai shafi shida. Biyar na farko labari ne da gaisuwa. A saman na shida ya rubuta: wannan ka karanta wa Baba, ka karanta wa Hajara, ka hau keke ka je Birchi ka karanta wa Inna. Ya ce ya lissafa, yayen Kabiru ya kusa. Kada a cire shi daga nono rana ɗaya a kai shi gidan kaka a bar shi da koko zalla, kamar yadda muke yi. A dama masa kunu da gyaɗa, a daka ƙuli-ƙuli a zuba, a ba shi wake da nono da ƙwai. Ya ce in an ga ƙafarsa ta kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, to ba ƙiba ba ce, ba sammu ba ne, kada a kira wanzami, tamowa ce, a kai shi asibiti a ranar.

Na fara da muryar da na saba. Na ce, "Sarkin Ɓera ya ce a ba ɗansa ƙwai." Aka yi dariya, wani dattijo ya ce ashe ɓarawo yake so ya tasar mana, domin duk mun tashi muna jin cewa yaron da ya saba da ƙwai hannunsa ba ya tsayawa. Baba Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗansa? Mi ya ce? Sunan yaron ya kama a takarda?" Kun san mu. Mutum ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya tambayar abin da ya ci, balle a gaban mahaifinsa da abokan mahaifinsa. Na dubi shafin, sunan Kabiru sau huɗu a ciki. Na dubi fuskar Baba. Na ce, "A'a Baba, wasa nake. Ya ce a gaida kowa da kowa." Na ninke shafin na sa aljihu.

In da a nan abin ya tsaya, da na ce kunya na rufa masa. Amma na shiga cikin gida, inda babu dattijo ko ɗaya, na sami Yaya tana tankaɗe, yaron na riƙe da zanenta. Na ce, "Yaya, mijinki ya ce a ba wannan ƙwai, wai Turawa sun ce." Ta ce, "Kai dai Sule ba ka rabo da shiririta." Ta yi dariya ta kau da kai, don ita ma ɗanta na fari ne, ba ta da bakin tambaya a kansa. Na san ba za ta tambaya ba. Birchi kuwa ban je da takardar ba. Na ce a raina, Inna ta yaye mu mu bakwai da koko, ga mu muna tafiya, wa zai zo daga Landan ya koya mata? Na manta, ko na mantar da kaina, cewa mu goma sha ɗaya ta haifa. Na koma Dutsin-Ma na jefa shafin a aljihun keken ɗinki, tare da maɓallai da guntayen zare.

Aka yaye Kabiru wata Juma'a aka kai shi Birchi. Inna ta riƙe shi da so irin na kaka, koko da safe, koko da rana, tuwo mai laushi da yamma, ba ta bar shi ya yi kukan yunwa ko sau ɗaya ba. Kada wani ya ɗora wa tsohuwar nan komai. Bayan wata biyu da rabi, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, na je gida. Inna ta miƙo mani shi tana murna ta ce, "Duba yadda ɗan naka ya yi kumatu." Na karɓe shi. Bai yi kuka ba, bai yi dariya ba. Gashinsa ya koma launin jan ƙasa. Na danna bayan ƙafarsa da babban yatsana, na ɗaga, ramin ya zauna bai cike ba.

Duk Birchi ni kaɗai na san abin da nake gani, domin ni kaɗai na karanta. Kuma in na faɗa, za a ce a ina ka sani, in ce a wasiƙa, a ce wace wasiƙa. Na miƙa mata shi na ce, "Ya yi kumatu kam." Na hau keke na koma kan ɗinkina. Kwana takwas na yi ina taka keken ɗinki da shafin nan a ƙarƙashin hannuna. Ran na tara na sayi ƙwai da ƙuli-ƙuli na koma, na tarar wanzami ya riga ya yi masa tsaga a ƙafa, bakinsa ya yi gyambo, ko ruwa ba ya karɓa. Muka ɗauke shi za mu asibiti, bai kai ba.

Ni na rubuta wa ubansa. Na ce Allah ya yi wa yaron rasuwa, zazzaɓi ne. Amsarsa ta zo bayan mako biyar, ita ce wasiƙarsa mafi gajarta. Ya yi wa kowa ta'aziyya, ya ce Allah ya sa mai ceto ne. A ƙasa, ni kaɗai, ya rubuta: "Sule, ƙafarsa ta kumbura? Yaya gashinsa yake?" Na amsa masa da labarin damina da farashin gyaɗa. Bai sake tambaya ba. Daga baya na ji daga bakin Yaya cewa jarrabawarsa ta ƙarshe a kan ciyar da yara bayan yaye ce, kuma kwana huɗu bayan isar wasiƙata ya rubuta ta. Ya ci.

Ya dawo shekarar da aka sami mulkin kai, ya rame, da akwatin littattafai da sikeli da takardar shaida wadda ban taɓa ganin ya rataye ta ba. Na yi ta jiran ranar da zai tsare ni. Na shirya amsoshi, har na shirya zagi. Sau ɗaya ya zo kusa. Ya kawo farin yadi in ɗinka masa rigar aiki, ina auna kafaɗarsa ta baya, ya ce, "Tela, wasiƙun nan duka ka karanta masu?" Na ce, "Duka." Da na gama awo ya ce, "To. Ka yi mani aljihu biyu, manya." Shafin yana cikin keken ɗinkin da ya jingina da shi.

A makon nan ya sayi allo da alli ya fara koya wa Yaya karatu, kullum bayan la'asar a tsakar gida. Gari ya yi ta magana. Na je na ce, "Malam, aikina kake son ƙwacewa?" Ya ce, "Ba na son a sake samun kowa tsakanin bakina da kunnenta." Ya faɗa ba ɗaga murya, ya koma kan allo. Na yi kamar ban gane ba, na yi wata ba'ar na fita.

Shekara shida ya yi yana aiki bayan dawowarsa, kuma ku da kuke kiransa Sarkin Ɓera kun ga aikin da idonku. Ya gama da marasa lafiya, ya ɗaura tukunya a bayan keke ya nufi Tamawa ko Karofi ko rugagen Fulani. Namiji da gemunsa, ya durƙusa ya hura wuta ya dama kunun gyaɗa a gaban tsofaffin mata, suna rufe baki da mayafi suna dariya, shi yana ta damawa. Bai taɓa yi wa kaka faɗa ba. Goro yake kai mata, ya zauna ƙasa, ya tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu, ya bar ta ta ƙirga da kanta. Yakan ce, "Kaka ba maƙiyiya ba ce, abin da aka nuna mata take yi." Yakan ce, "Ku daina duba cikin yaro, ku duba ƙafarsa." In mai tallan nono ta zo wucewa da goyo, ya tsayar da ita ya saya, sannan ya ce, "Ludayi ɗaya ki rage wa na bayanki, shi ma mai ciniki ne." Da aka tambaye shi abin da ya kawo daga Ingila, cewa ya yi, "Ban kawo komai ba. Can aka nuna mani abin da ke rumbunmu." Da Allah ya ba su 'ya mace, Binta, ya zauna da ita a cinya a ƙofar gida ran kasuwa, ya ɓare dafaffen ƙwai yana ba ta, ya ce wa masu wucewa, "In ta yi sata ku kamo ni."

Sau uku ya roƙe ni abu ɗaya. Ya rubuta 'yan takardu da Hausa a kan yaye, yana son mai karantawa a kasuwa, domin shi muryarsa ba ta da ƙarfi, kuma mutane sun riga sun saba yi masa dariya. Ya ce, "Tela, kai in ka buɗe baki kasuwa takan tsaya. Ara mani shi ran Laraba ɗaya." Na farko na ce aiki ya yi mani yawa. Na biyu na ce sai bayan salla. Na uku, a gaban masu jiran ɗinki, na ce, "Malam, ni ba maroƙin ƙwai ba ne. Nemi ɗaya daga cikin ɓerayenka." Suka yi dariya. Ya tattara takardunsa ya daidaita gefensu ya ce, "Ba komai. Suna nan in ka shirya." Maganarmu ta ƙarshe mai tsawo ke nan. A lokacin na ɗauka taimako yake nema. Yanzu na san hanya yake buɗa mani, ni kuma ina rufewa, domin duk abin da ke cikin takardun nan shi ne abin da ke shafi na shida.

Ran kwana shida da rasuwarsa Yaya ta aika a kira ni ɗakin da take takaba. Tana zaune kan tabarma, akwatin ƙarfensa a buɗe gabanta. Ta ciro wani littafin rubutu mai baƙin bango ta ajiye tsakaninmu. Ashe duk wasiƙar da zai aiko sai ya fara rubuta ta a ciki, sannan ya kwafe.

Ta ce, "Da wannan na koyi haɗa baƙi, don rubutun Malam ya fi na littafi sauƙi a idona. Wata rana ya tafi Karofi, na buɗe na ci gaba ni kaɗai. Shi ne abu na farko da na karanta da kaina har ƙarshe, Sule. Shekara huɗu ke nan."

Na ce, "Yaya, mi ya hana ki yi mani magana?"

Ta ce, "Na sa mayafi zan taho Dutsin-Ma da ƙafa. Shi ya tare ƙofa. Ya ce ki bar shi, yaro ne ya yi laifin, babba ke ɗauke da shi yanzu, zai zo da ƙafarsa. Duk salla in ka zo gaisuwa sai ya ce mani wataƙila yau ne. Da ya kwanta, shi ya sa a aika maka. Na biyun ma shi ne."

Ni da ake cewa ba a kayar da ni a magana, da ƙyar na ce ta yafe mani.

Ta ce, "Shi ya yafe tun tuni, ya ce in gaya maka in ba ka iso ba. Nawa kuma ka bar ni da shi tukuna. Takardar tana nan?"

Na ce tana nan.

"To gobe ka karanta ta. Ba mani ba, ni na haddace. A zauren da ka fara. Har da sunan."

Na je Dutsin-Ma na dawo a yinin. Washegari bayan addu'ar bakwai, zaure cike, na miƙe na faɗi abin da na yi, yadda na rubuta shi a nan, ban rage ba. Wani ya ce ajali ne, Sule, zauna. Na ce na san ajali ne, kuma na san abin da hannuna ya ninke. Baba Malam ya tsufa, idonsa ba ya gani sosai. Ya ce, "Ni na tambaye ka ranar, ka kuma ga fuskata." Na ce, "Baba, cikin gida babu fuskarka, Birchi ma babu." Ya ce, "To a kira mata su tsaya bayan zana. Karanta sannu-sannu." Na buɗe shafin, ya yi baƙi da man keke a gefe, na karanta kunu da gyaɗa da wake da ƙwai da ƙafa da gashi, ba wanda ya yi dariya. Na kai layukan ƙarshe, waɗanda ban taɓa furta su ga kowa ba:

"Baba, ka gafarce ni da na kama sunansa, nisa ne ya sa. Hajara, ban ga haƙoran Kabiru ba, ban ji ya kira kowa ba. A nan ina auna 'ya'yan wasu kullum. Ki riƙe mani shi har in dawo in ɗauke shi, ko da za a ce ba ni da kunya."

Baba Malam ya ce, "Sake karanta wurin sunan." Na sake.

Takardun yaye suna hannuna yanzu, Yaya ta ba ni. Larabar da ta wuce na hau benci a bakin rumfata na karanta su, kasuwa ta tsaya kamar yadda ya ce za ta tsaya. Wani ya yi ihu daga baya ya ce sabon Sarkin Ɓera. Na buɗe baki zan yaga shi, sai na tuna mai sunan bai taɓa ramawa ba, na ci gaba da karatu. Ban rubuta wannan don a ce na gyara ba. Yaron ba zai dawo ba, kuma mutumin da ya jira ni shekara shida ya tafi bai ga ƙafata a ƙofarsa ba. Na rubuta ne don duk wanda aka ba takarda ya karanta wa wani, ya karanta har ƙasa.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya zukatan iyayen da yaransu suka tashi a hannunsa. Ka sa karatun da ya yi cikin sanyi da kaɗaici a ƙasar da ba tasa ba ya zama sadaka mai gudana gare shi. Ka ba Baba Malam da Inna haƙuri, ka ba Yaya Hajara juriya da ladan abin da ta haɗiye, ka raya Binta raya ta albarka, ka zama gatanta. Ni kuma ka shirye ni, ka sa bakin nan ya yi aikin da aka roƙe shi sau uku. Ka haɗa shi da Kabiru a Aljanna, ya ɗauke shi a gaban kowa, ya kira shi da sunansa. Amin.